Me Ya Sa Akuya Take Ƙin Ɗan Da Ta Haifa?

Ƴan'uwa manoma da masu kiwo, duk wanda ya daɗe da turke a gidansa ya taɓa ganin wannan abu. Akuya ta ɗauki ciki wata 5. Ta yi naƙuda, ta sauka lafiya. Ɗan ya miƙe yana tangaɗi, ya nufi hantsa. Sai uwar ta sunkuyar da kai ta tunkuɗe shi. Ya tashi ya koma, ta sake tunkuɗe shi. Ga nono cike da hantsa, ga ɗa yana kukan yunwa.

Na ga irin haka wani hunturu, a wani ƙauye tsakanin Gazawa da Agiye. Wata dattijuwa ce take da jar akuya, haihuwarta ta fari ke nan. Na iske ta zaune bakin turke ta yi tagumi.

Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Ina fa lafiya, ɗana. Akuyar nan baƙin hali gare ta. Ta ƙi ɗanta ƙiri-ƙiri."

Na tambaye ta yadda aka yi. Ashe cikin dare akuyar ta haihu, ana tsananin sanyi. Jikokin dattijuwar suka ji tausayin ɗan, suka ɗauke shi tun da ya faɗo. Suka wanke shi da ruwan ɗumi, suka naɗe shi da tsumma, suka kwana da shi a ɗaki. Sai da rana ta fito suka mayar wa uwar. Yaran alheri suka nufa. Amma abin da suka yi shi ne ya raba uwa da ɗanta.

Wannan hasara ce babba. A ƙasar Maraɗi mafi yawan awakin gida na mata ne. Akuya ita ce asusun mace. Ita ake kaiwa kasuwa idan rumbu ya ƙare kafin gero ya nuna, ko idan yaro ya kwanta ciwo. Jar akuyar Maraɗi kuwa ta yi suna har ƙasashen waje, saboda kyan fatarta da yawan haihuwar tagwaye. Tun 1963 aka kafa cibiyar kiwon awaki a Maraɗi domin a kare irinta. To amma ina amfanin iri mai kyau, idan ɗan zai mutu a kwanansa na farko?

Masu bincike sun yi shekara fiye da 60 suna bin diddigin wannan al'amari. Sun gano cewa dalilin yana cikin ƙwaƙwalwar uwa, a cikin ƴan awowin da suke bin bayan haihuwa.

Ƙofa mai saurin rufewa

A 1964 wani masanin dabbobi na Amurka mai suna Peter Klopfer ya yi gwaji da awaki, shi da abokan aikinsa. Suka raba awakin kashi biyu. Kashi na farko aka ɗauke musu ƴaƴa da zarar sun faɗo. Kashi na biyu aka bar su minti 5 kawai, suka shinshina ƴaƴansu, suka lashe su, sannan aka ɗauke. Bayan awa 1 zuwa 3 aka mayar wa kowace akuya ɗanta. Na kashi na farko, mafi yawansu suka ƙi karɓa. Na kashi na biyu kuwa, kusan duka suka karɓa, suka ba da nono.

Dubi fa, minti 5! Bai kai lokacin da mace take ɗauka ta dama fura ba.

Daga baya masu bincike a Faransa suka ƙara haske a kan tumaki da awaki. Uwa tana gane ɗanta da hanci ne tun kafin ta gane shi da ido ko da kuka. Cikin awa 2 zuwa 4 takan haddace warinsa. Daga nan duk ɗan da ya zo da wani wari dabam, duka zai sha. Sun kuma lura da wani abin mamaki. A sauran kwanaki tunkiya ƙyamar ruwan faya take yi. Ko a abincinta aka zuba shi sai ta kauce. Amma a lokacin haihuwa sai ta riƙa son sa ƙwarai, na ƴan awowi kaɗan. Son ruwan nan shi yake jan ta ta lashi ɗan. Da suka wanke ƴan tumaki kafin a ba iyayensu, masu haihuwar fari da yawa suka ƙi su. Tsofaffin hannu, waɗanda suka saba haihuwa, abin bai dame su sosai ba.

Ka ga abin da ya sami akuyar dattijuwa. Haihuwar fari ce, an ɗauke ɗan nan take, an kuma wanke shi.

Morfin na cikin jiki

Me yake buɗe wannan ƙofa? Lokacin da ɗa yake fitowa, yana buɗa hanyar haihuwa da ƙarfi. Jijiyoyi sai su kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ita kuma sai ta saki wani sinadari mai suna oksitosin. Mata da yawa sun san shi ko da ba su san sunansa ba, domin shi ne allurar da ake yi wa mai jego a gidan haihuwa don tsayar da zubar jini. Oksitosin yana matsa mahaifa, yana saukar da nono, yana kuma juya hankalin uwa zuwa ga ɗanta. Shi ne babban ma'aikaci. Amma yana da abokin aiki, kuma a kan abokin nan za mu daɗe.

Akwai wani magani mai ƙarfi da likitoci suke ba wanda ya karye, ko wanda aka yi wa aiki, don kashe zafi. Sunansa morfin. Daga ƙaron wani fure ake samun sa, wanda ake nomawa a ƙasashen Asiya. A 1973 masu bincike suka gano cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan wurare da morfin yake shiga daidai, kamar yadda mabuɗi yake shiga kwado. Sai suka tambayi kansu: don me ƙwaƙwalwa za ta zo da kwado, alhali mabuɗinsa yana jikin wani fure mai nisa? Lalle jiki yana da nasa mabuɗin.

Haka kuwa aka samu. A 1975, a garin Abadin na Sukotland, John Hughes da Hans Kosterlitz suka fitar da irin wannan sinadari daga ƙwaƙwalwar dabba. A 1976 kuma wani masani a Amurka, Choh Hao Li, ya fitar da wani mai ƙarfi daga wata ƴar tsoka da take ƙarƙashin ƙwaƙwalwar raƙumi. I, raƙumi dai da muka sani. Aka sa wa wannan sinadari suna andorfin, ma'anarsa morfin na cikin jiki. Mutum yana da shi, akuya tana da shi, kaza ma tana da shi.

Aikin andorfin iri biyu ne. Yana rage zafi, yana kuma sa natsuwa da jin daɗi. Idan ciki ya tsufa yakan ƙaru a jikin uwa, ya ƙara yawa lokacin naƙuda. An kuma gano, ga ɓeraye da shanu, cewa ruwan fayan da uwa take lasa yana ƙara masa ƙarfi wajen kashe zafi. Wato lasar da uwa take yi wa ɗanta tana amfanin su biyu. Ɗan ya bushe ya ji ɗumi, ita kuma raɗaɗin haihuwa ya ragu mata.

Abin da aka gani ga tumaki

Gwajin da ya fi kusa da turkenmu shi ne wanda aka yi da tumaki a Kambirij ta Ingila. Masana biyu ne suka ja gaba, Barry Keverne da Keith Kendrick.

Tun 1983 Keverne da abokansa na Faransa suka nuna wani abu. Suka sami tumakin da ba su da ciki, suka yi musu allurar sinadaran ciki. Sannan suka buɗa musu hanyar haihuwa na minti 5, kamar ɗa ne yake fitowa. Nan da nan tumakin suka soma yin ƙaramin kukan nan mai taushi da uwa take yi wa jariri. Suka lashi ƴan tumakin da ba nasu ba, suka bar su suka nufi hantsa. Jiki ya ɗauka an haihu.

A 1989 suka sake gwajin, amma suka ƙara abu guda. Akwai wani magani da yake toshe kwadon nan, ya hana andorfin shiga. Suka zuba shi cikin ƙwaƙwalwar tumakin kafin a taɓa su. Sai son ɗa ya ragu ƙwarai. Oksitosin ma bai tashi a ƙwaƙwalwar yadda ya saba ba. A 1995 masu bincike a Faransa suka ba tumaki masu haihuwar fari wannan magani lokacin haihuwa ta gaske. Su ma suka yi jinkirin kula da ƴaƴansu.

A 1991 kuma Keverne da Kendrick suka gwada akasin haka. Suka zuba morfin ɗan kaɗan cikin ƙwaƙwalwar. Tumakin da suka taɓa haihuwa suka ƙara karɓar ƴaƴa, amma sai idan an buɗa hanyar haihuwar. Morfin shi kaɗai bai yi kome ba. Waɗanda ba su taɓa haihuwa ba kuwa, bai sa su karɓa ba.

Ɗan ma yana da nasa rabo. A 2003 aka ba ƴan tumaki sabuwar haihuwa maganin nan mai toshe kwado. Bayan kwana guda suka kasa fifita uwarsu a kan wata tunkiya. Ashe daɗin da ɗa yake ji idan ya sha nonon farko, shi yake koya masa wace ce uwarsa.

Idan gishiri ya yi yawa

Mai karatu zai iya cewa, to ai shi ke nan, sai mu ba akuya irin wannan magani ta so ɗanta. A'a. A nan ne maganar take da wuya, kuma a nan nake so a karanta a hankali.

A 1982, a birnin Boston na Amurka, Robert Bridges ya yi wa ɓeraye mata allurar morfin. Uwar ɓera uwa ce ta gari. Idan ƴaƴanta suka warwatse takan ɗauko su da baki ɗaya bayan ɗaya, ta tara su a sheƙa, ta kwanta a kansu. Waɗanda aka yi wa allurar suka daina. Da aka ba su maganin da yake karya morfin, suka koma bakin aikinsu. A 1984 aka gano ainihin wurin da abin yake faruwa, wani ɗan gurbi a gindin ƙwaƙwalwa wanda yake riƙe da ragamar reno. A 1990 kuma aka ga cewa uwar da aka ba morfin har gudun warin ƴaƴanta take yi.

Gwajin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar Birazil aka yi shi, aka bayyana shi a 2006. Aka sa uwar ɓera wuri guda da ƴaƴanta da kyankyasai. Uwar da ba a ba kome ba, ƴaƴanta ta nufa. Wadda aka ba morfin kuwa ta bar su a yashe, ta tafi farautar kyankyasai.

Ga tunkiya an toshe shi, reno ya lalace. Ga ɓera an ƙara shi, reno ya lalace. Al'amarin kamar gishiri ne a miya. Jikin uwa ya san gwargwadon da yake bukata, da wurin da zai sa shi, da lokacin da zai sa shi. Maganin da aka ɗura daga waje bai san wannan awo ba. Watakila yana cika uwa da natsuwar ƙarya ne, har ta ji ba ta bukatar ɗanta.

Akwai kuma hanyar da mu da kanmu muke sa gishirin ya yi yawa, ba tare da mun ba da magani ba. Ita ce tsoratar da uwa. Dabbar da ta firgita tana sakin andorfin mai yawa, shi kuma idan ya yi yawa yakan danne oksitosin. An gwada haka da ɓeraye a Ingila a 1987, da aladu a Sukotland a 1992. Aka canza musu wuri suna tsakiyar haihuwa. Naƙuda ta tsaya, ƴaƴan da suka rage a ciki suka yi jinkirin fitowa. Da aka ba su maganin toshe kwado, haihuwa ta ci gaba. A daji wannan dabara ce ta tsira, domin uwa ta iya dakatar da haihuwa ta guje wa kura. A gida kuwa, kurar ita ce taron yara masu ihu, da kare, da mai janye akuya daga turkenta zuwa wani wuri tana cikin naƙuda.

Maganar Tramol

Dole mu taɓo wannan. Ƙwayar Tramol, wadda likitoci suke kira taramadol, dangin morfin ce. Kwado guda suke buɗewa. Magani ne na gaske idan likita ya rubuta shi, amma kowa ya san yadda ya bazu a kasuwanni da tashoshin mota, da yadda ya lalata samari. Yana kama mutum har ya kasa bari, yana kuma sa faɗuwa irin ta farfaɗiya.

Abin bai tsaya ga mutane ba. A 2013 wasu masana a Faransa suka ba da sanarwa cewa sun sami taramadol a saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru. Suka ɗauka itacen ne yake yin sa. A 2014 wasu masana na Jamus suka bi sawu. Suka sami maganin a ƙasar wurin, da ruwa, da saiwoyin wasu itatuwa dabam. Manoman yankin suka faɗa musu cewa suna shan ƙwayar, suna kuma ba shanun noma don kada su gaji. Fitsari da kashin mutane da na shanu su suka kai maganin cikin ƙasa, itace ya tsotsa. Ka ji yawan abin da aka ɗura.

Saboda haka kada kowa ya ba akuya, ko tunkiya, ko saniya mai ciki ko mai shayarwa wannan ƙwaya, ko da don tausayin wahalar haihuwa ne. Mun ga abin da danginta suka yi wa uwar ɓera. Ga mata masu goyo ma maganar tana nan. Tramol yana bin nono ya shiga jikin jariri, ya sa shi barci mai nauyi, ya rage masa numfashi. A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa mai shayarwa kada ta sha shi, haka ma kodin. Mai jegon da take fama da ciwo ta je wurin likita, ta faɗa masa tana shayarwa.

A bakin turke

Idan akuya ta kusa haihuwa, hantsa ta cika, ta soma kwanciya tana tashi, a bar ta a wurin da ta saba. A share wurin tun da wuri, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Idan lokacin sanyi ne a kare mata iska da zana. A sassauta igiya domin ta iya juyawa ta kai ga ɗanta. Na sha ganin akuya ta haihu, ɗan ya gangara inda gajeriyar igiya ba ta kaiwa, tana miƙa wuya tana kuka. A kori yara da karnuka. Mutum guda ya isa ya sa ido daga nesa.

Idan ɗan ya faɗo, a duba hancinsa da bakinsa. Idan yana a rufe da yauƙi a share da hannu mai tsabta, a tura shi gaban uwar, a ja da baya. Kada a wanke shi. Idan sanyi ya yi tsanani har dole a shiga ɗaki, to a bar ta ta lashe shi tukuna, sannan a shiga da su biyu tare. Idan tagwaye ne a lura sosai. Sau da yawa na farko yakan yi nisa lokacin da uwar take fama da na biyu, ko kuma hankalinta ya koma kan ɗaya ta manta ɗaya. A haɗa mata su a gabanta. Bayan ta gama lasa sai a shafa wa cibiya aidin.

Dakashi kuwa, wato nonon farko mai kauri, dole ɗan ya sha shi cikin awowin farko. Shi ne rigakafinsa. Bayan kwana guda hanjinsa ba ya iya ɗaukar amfaninsa kamar da.

Wannan ilimi yana da amfani ga maraya ma. Idan uwa ta mutu, kuma wata akuya tana haihuwa a ranar, a shafe marayan da ruwan fayanta tun daga kai har wutsiya, a sa shi gabanta tare da nata. Makiyaya a ƙasashe da yawa suna da wata tsohuwar dabara kuma. Idan ɗan uwa ya mutu, sukan feɗe fatarsa su ɗaura wa maraya na ƴan kwanaki, domin uwar ta ji warin nata. Dabarar buɗa hanyar haihuwa da hannu ita ma tana aiki a ranar haihuwa, amma wannan aikin malamin dabbobi ne mai safar hannu. Wanda bai koya ba zai iya ji wa uwar ciwo, ko ya sa mata cuta, ko shi ya ɗauki cuta daga gare ta.

Ita kuwa akuyar dattijuwa, ƙofa ta riga ta rufe kafin in iso. Abin da ya rage shi ne haƙuri. Aka keɓe ta da ɗanta a wani lungu, su biyu kaɗai. Dattijuwar takan riƙe mata kai, jikanta ya riƙe ƙafar baya, ɗan ya sha ya ƙoshi. Sau 5 ake yin haka kullum, har da dare. Kwana biyun farko da kokawa aka yi. A kwana na huɗu aka ga tana shinshina gindin wutsiyarsa yana shan nono, ba ta tunkuɗe shi ba. Amma sai da aka cika mako guda kafin dattijuwar ta daina riƙe ta.